Haƙori na Uku

"Buɗe, Baba," in ji likitar. "Iya inda zai buɗu. Kada ka matsa masa."

Auta ya buɗe. Ta kama hannunsa, ta jera masa yatsunsa uku a tsaye, ta nufi bakin da su. Biyu suka shiga da ƙyar, na ukun ya tsaya a waje kamar ɗan rakiya. Wani abu ya ce ƙas a gindin kunnensa na dama. Da can shi kaɗai yake jin wannan ƙarar, amma yau har matarsa, da ke zaune kan kujerar roba a bakin labule, sai da ta ɗago kai.

"Kin dai ji," ta ce. "Haka muke fama. Ko hamma zai yi sai ya tallafe haɓa."

Sashen gashin ƙashi ne, can ƙuryar asibitin, bayan ɗakin hoto. Ɗaki ne dogo da aka rarraba da labule. Ta tsagar labulen Auta yana hango wani dattijo yana koyon tafiya tsakanin ƙarafa biyu, da wata mata tana murza ƙwallo da tafin ƙafa, ranta a ɓace. Bai ga abin da ya haɗa bakinsa da waɗannan mutanen ba. Likitan haƙori ne ya turo shi nan, bayan ya bi haƙoransa ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, ya ɗauki hoto, ya ce duk waɗanda suka rage lafiyarsu ƙalau. Ya kuma tambayi wanda ya cire masa biyun da babu. Auta ya ɗaga kai ya dubi fankar ɗakin.

Wansa, Yaya, shi ne ya sa aka cire su. Yau da la'asar kuma za a cire na uku.

Auta ya ba hamsin baya, furfura ta gama da gemunsa, yana da jika, amma sunan bai sake shi ba, tunda ba a sake haihuwa bayansa ba. Shagon ɗinkin da yake aiki a ciki gadon mahaifinsu ne, shi da wansa. Auta ke yanka, shi ke ɗinki, shi ke guga. Yaya bai taɓa zura zare a allura ba. Aikinsa zama a bakin ƙofa, da tarbar mutane, da zaɓa musu yadi, da yi musu bayanin abin da ya sa ba a gama kayansu ba. Tun suna yara, in aka tambayi Auta ko ya ƙoshi, Yaya ne ke cewa ya ƙoshi. Matar nan ma da ke zaune a bakin labule, Yaya ne ya fara gaya mata Auta yana sonta, tun kafin Auta ya gama tunanin abin.

Da ciwon ya fara bara, Yaya ya sa shi ya buɗe baki a ƙofar shago, ya haska da fitilar waya, ya ce matauni ne na ƙasa, ta dama. Ya kai shi wurin wani mai cire haƙori a bayan kasuwa, mutum mai fara'a da ke aiki da tsohuwar kujerar aski. Aka cire. Auta ya kwana biyu yana barci mai daɗi, albarkacin allura da ƙwayoyi. Da ƙwayoyin suka ƙare ciwon ya dawo ya zauna a gurbin. Yaya ya ce ai maƙwabcin ɓarawo aka kama, ba ɓarawon ba. Aka cire na kusa da shi. Yanzu kuwa Yaya ya haƙƙaƙe na can ƙurya ne, domin shi kaɗai ya rage a layin, ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Matar Auta ba ta musu da wan miji, ba haka aka raine ta ba. Abin da ta iya shi ne ta ce wa Yaya za su je sayen maɓallai, ta sa mijin a bas ta kawo shi asibiti. Karo na biyu ke nan suna zuwa sayen maɓallai, shagon kuwa maɓalli har a gwangwanin madara.

Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yarsu ta fari ba. Ta ɗora yatsu a kumatunsa ta ce ya cije. Ta hagu tsokar ta motsa ta kwanta. Ta dama kuwa ta taso kamar ƙullin igiya, ta ƙi komawa. Likitar ta lalubi wani wuri ƙasa da ƙashin kunci, ta danna da babban yatsa. Auta ya ɗago daga kan gadon. Ciwon ya bi ta ciki ya sauka tsaf a kan haƙorin ƙurya, ya kuma leƙa gurbin biyun da aka cire.

"A ina ka ji shi?"

"A haƙori," in ji Auta. Maganarsa ta farko ke nan tun shigowarsu.

"To ni ban taɓa haƙori ba."

Ta sake dannawa don ya tabbatar, ya kuwa tabbatar. Ta yi masa bayani cewa tsokar da ake tauna da ita, in ta gaji ta ɗaure, ba lalle ba ne ta yi ciwo a inda take. Takan tura ciwon haƙori, ko kunne, ko gefen kai, kamar mutumin da aka ɓata wa rai a wurin aiki ya zo ya sauke a kan mutanen gida. Ta ce ko duka haƙoran aka cire, tsokar tana nan, ba a cire ta da filaya.

Sannan ta sa safar hannu, ta zura yatsa ta cikin kuncin, ta kama tsokar ciki da waje tana murzawa a hankali. Hawaye suka cika idon Auta na dama, na hagun bai san abin da ake ciki ba. Ta kawo tawul mai ɗumi ta naɗe masa muƙamuƙi da shi, ta koma bayansa ta taɓa wuya da kafaɗa, ta ce su ma duk 'yan gida ɗaya ne. Tana aiki tana tambaya: ko yana tauna cingam, ko yana cizon biro, ko yana cizon haƙora cikin barci, ko yana maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa. Matarsa ce ta amsa duka, kuma duka a'a ne.

"Shi fa ko magana ba ya yi, balle ya wahalar da baki," ta ce. "Da aikin baki ke kawo wannan ciwo, da wansa ne kwance a gadon nan."

Likitar ta ce akwai dai abin da tsokar take yi wuni guda, domin tsoka ba ta ɗaurewa don nishaɗi. Ta juya ta tsaya a teburinta tana rubutu.

Tun shigowarsu wani abu yake damun Auta, ba ciwon ba. Kalmasar farar rigar likitar ta warware ta baya, ta sauko kamar harshen kare, zare yana reto. Ya yi ƙoƙarin kawar da ido, ya dubi dattijon da ke koyon tafiya, ya dubi fanka, ido ya ƙi. Ya cire tawul ɗin ya ajiye, ya sauko daga gadon. Ya kai hannu bayan kwalar rigarsa, inda kullum yake soke fil, ƙananan allurai masu kai da ake kama yadi da su kafin ɗinki. Ya zaro 'yan kaɗan, ya jera su a gefen bakinsa na dama, ya datse da haƙora, ya durƙusa a bayanta ya kama bakin rigar.

Likitar ta waiwayo ta dube shi ta saman kafaɗarta. Ba ta janye rigar ba. Ta bar shi ya naɗe kalmasar, ya zari fil ɗaya daga baki ya soke, ya zari wani, kansa a karkace, muƙamuƙin a gicciye, tsokar nan ta taso tana sheƙi.

"Baba," ta ce, "tun yaushe kake riƙe su haka?"

"Mm," in ji Auta.

Matarsa ta ce tun kafin ta san shi. Ta ce haka mahaifinsu yake yi, a wurinsa ya gada, kuma daga buɗe shago har rufewa bakinsa ba ya rabuwa da su, sai in zai ci abinci. Ta ce ita ba ta kawo shi cikin lissafi ba, don ba tauna su yake ba.

Abin da ba ta faɗa ba, domin ba ta sani ba, shi ne amfanin fil ya wuce kama yadi. Mutumin da ke da fil a baki ba a sa ran ya yi magana. Mai kaya zai tambayi ranar da za a gama masa, Auta ya ce mm. Mace za ta tambaya ko launin ya karɓi mijinta, ya ce mm. Yana da mm iri-iri: akwai na i, akwai na a'a, akwai na bari in gani, akwai na Allah ya kyauta. Yaya kuma, da yake shi ne tafinta, duk yana fassara su da i.

Likitar ta jira ya gama, ta duba kalmasar ta yi godiya. Sannan ta miƙa tafin hannu, ya zube mata sauran fil ɗin, ta mayar masa da su a bayan kwala da kanta. Ta zaunar da shi gaban madubi ta koya masa yadda baki yake hutawa: leɓe a rufe, haƙora a rabe, kan harshe a saman baki bayan haƙoran gaba. Ta nuna masa yadda zai riƙa buɗewa a hankali, harshen yana inda yake, yana kallon madubi don kada haɓar ta kauce gefe. Ta ce ya riƙa gasawa da tawul safe da yamma, ya ɗan yi nesa da abinci mai tauri, ya ɗaga teburin yankansa ko ya rage sunkuyo. Ta ce ya dawo mako mai zuwa. Ba ta ɓoye masa ba cewa abin ba na yau da gobe ba ne, zai ɗauki makonni, kuma yau da yamma ma zai fi jin ciwon saboda murzar da ya sha.

"Amma fil kam ya bar bakinka daga yau," ta ce. "Ka nema musu wani gidan."

A tashar bas matarsa ta tsaya, don ita wani layin za ta bi, tana aiki a kicin ɗin wata makaranta kuma ta riga ta makara. Auta ya tsaya kusa da ita yana kallonta, ta gane so yake ta raka shi shago.

"A'a, Maigida," ta ce. "Ni na kawo ka. Ba zan je in tsaya gaban Yaya ina ce-in-ce da shi ba. Bakin naka ne, haƙorin ma naka ne." Ta gyara masa kwala. Da bas ɗinta ya iso ta ƙara da cewa in ya dawo gida da giɓi na uku, ba za ta ce komai ba, za ta dai sayo rariya ta riƙa tace masa abinci.

Likitar ba ta yi ƙarya ba. Kafin bas ɗinsa ya kai kasuwa ciwon ya farka, ya miƙe, ya kama daga kunne har haɓa. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya ji shi a haƙorin ƙurya. Ya riƙa taɓa haƙorin da harshe. Lafiyayye ne, an ce. Amma ya tuna daɗin kwanakin nan da ke biyo bayan cirewa, lokacin da rabin fuskarsa yake zama kamar na wani, ya kwanta ya yi barci har safe. Likitar ta ce makonni. Aikin mai kujerar aski kuwa ba ya wuce lokacin shan shayi ɗaya.

Ya tarar da Yaya a bakin shago ya sa rigar fita, takalmansa sun sha goge. Ya tambayi maɓallai, bai jira amsa ba. Ya ce mai cire haƙori ya aiko yana nan yana jira, ya ma ƙi karɓar wani saboda su. Ya ce amma kafin nan ga Manaja a ciki ya zo gwajin kwat, a sallame shi tukuna.

Manaja mutum ne mai jiki, shugaban wani kamfanin sufuri, wanda duk lokacin da ya zo gwaji sai an tarar awon da aka yi masa ya tsufa. Yana tsaye gaban dogon madubi cikin kwat mai hannu ɗaya, farin zaren kamu ya zane ta ko'ina. Auta ya rataya tef a wuya, ya ɗauki alli, ya zagaya shi. Kafaɗar ta zauna, baya yana neman a saki, ƙasan kuma ya fi tsawo ta hagu. Ya durƙusa. Sai da ya ji sanyin ƙarfe a leɓensa sannan ya san hannunsa ya riga ya je kwala ya dawo.

Yaya yana tsaye a kansu yana ba Manaja labarin ciwon tun daga farko, da yadda shi ya gano shi da fitilar waya, da yadda haƙoran ƙaninsa suke da taurin kai irin na dangin uwarsu. Ya ce yau dai za a yi ta ta ƙare. Ya sunkuyo.

"Ko ba haka ba, Auta? Kana gamawa mu wuce."

"Mm," in ji Auta.

"Ya ce to," Yaya ya gaya wa Manaja.

Auta ya daɗe a durƙushe, bakin kwat ɗin a hannunsa. Tsokar tana bugawa. Ya ɗaga ɗaya hannun ya zare fil ɗin daga bakinsa gaba ɗaya. Ya duba inda zai ajiye su. Teburin yana nesa, ƙasa kuma in suka zube sai an yi wuni ana tsinta, kwala tana buƙatar hannu biyu. Abin da ke kusa da shi kawai hannun Yaya ne, wanda ke shawagi a iska yana nuna girman saiwar haƙori na biyu.

"Yaya, riƙe mini."

Yaya ya buɗe tafin hannu, don bai san me zai yi ba in ba haka ba. Auta ya zuba masa su.

"Asibiti muka je," ya ce. "Ba haƙori ba ne. Tsoka ce, waɗannan ne suka ɗaure ta. Ba zan je a cire ba."

Fankar shagon ta yi ta juyawa. Manaja ya dubi madubi, ya dubi Auta ta cikin madubin, ya ce shekara da shekaru yana ɗinki a nan, ashe haka muryarsa take.

Yaya ya fara magana. Ya ce 'yan asibiti ba abin da suka sani sai tura mutum daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ya ce mahaifinsu ya riƙe fil a baki har ya koma ga Allah, bai taɓa cewa muƙamuƙi ba. Ya ce ya riga ya ba mutum magana, kuma shi ba ya magana biyu. Sai dai maganar ba ta tafiya yadda ta saba. Yaya da hannu yake magana, hannun dama kuwa yana buɗe a gabansa kamar na mai jiran ruwan sama, in ya motsa shi fil za su soke masa tafi. Ya gwada da hagu, hagun bai san hanya ba. Duk jimlar da ya ɗauko sai ta tsaya a tsakiya, domin Auta ya miƙo hannu ya ɗauki fil ɗaya, ya soke, ya sake miƙowa.

Manaja ya ce a yi haƙuri, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Sai ya koma kallon kafaɗarsa.

Can Yaya ya dubi kan ƙaninsa, inda gashin ya fara janyewa daga tsakiya. Da ya sake magana muryar ta sauka.

"Kai ba ka ganin fuskarka in abin ya motsa. Ni nake gani. Wuni nake ina kallonka daga ƙofar can."

"Na sani, Yaya."

"In kuma wannan ɗin bai yi ba fa?"

"Haƙorin yana nan. Ba inda za shi."

Yaya ya juya maganar a ransa, ya duba ta ko'ina bai sami inda zai kama ta ba. Ya tambaya ko murzar da zafi, Auta ya ce da zafi. Wannan ya ɗan kwantar masa da hankali, domin bai yarda da maganin da ba ya zafi ba.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihun dama. Ya dubi hannunsa, ya dubi aljihun, ya lanƙwasa ya zagayo da hagu ya ciro ta da ƙyar. Mai cire haƙori ne. Yaya ya gyara murya, ya miƙe tsaye sosai, ya gaishe shi har da tambayar iyali.

"Wato, mun fasa," ya ce. "E. Na sake duba abin da kyau, na ga ba haƙori ba ne. Tsoka ce. Ni dama tun na biyun nan raina bai kwanta ba." Ya saurara kaɗan. "A'a, fil ne. Na hana shi sa su a baki. Ga su nan ma a hannuna."

Manaja ya dubi Auta ta cikin madubi, gira a ɗage. Auta ya buɗe baki, iya inda zai buɗu, ya ɗan tsaya a haka. Sai ya mayar da leɓe ya rufe, haƙora a rabe, harshe a sama. Ya ja ƙasan kwat ɗin ta hagu, ya daidaita shi da na dama, ya miƙa hannu bai tarar da komai ba, don Yaya ya juya wajen ƙofa yana ci gaba da bayani.

"Yaya," ya ce, "matso da hannun. Saura baya."